Ungozomar da Bakinta Ya Yi wa Wata Talla

Tunda kin ce ana yi da ke a gari, share hawayenki ki zauna, in ba ki wani misali.

A wani gari an yi wata tsohuwar ungozoma, wadda kusan duk mai tafiya da ƙafa biyu a garin ita ta yanke masa cibiya, har da liman da mai unguwa. In naƙuda ta kama mace, ba a ma tambayar wa za a kira. Ana nan sai wata bazawara ta dawo garin, gidan yayanta, ita ma tana karɓar haihuwa, amma da salon da ta koyo wurin ma'aikatan lafiya. Sannu a hankali tsohuwa ta fara jin guɗa na tashi a gidajen da ba a aiko mata ba. Wallahi abin ya ci mata rai, har tuwo ya daina yi mata daɗi. Ita da ta shekara arba'in tana durƙusawa bayan masu haihuwa, yau wata 'yar jiya-jiya ce za ta sha gabanta? Ina! Ta rantse sai ta zubar da mutuncin matar nan, kiran ya dawo ƙofarta.

To, tsohuwa ba ta da ƙarfin faɗa, amma Allah ya ba ta baki, ga ta gwanar kwaikwayo. Gidan biki, bakin rijiya, wurin surfe, duk inda mata suka taru sai ta kwance ɗankwali ta dunƙule shi ya zama jariri, ta shiga nuna yadda bazawara ke yi. Ta wanke hannu har gwiwa, ta sake wankewa. Ta goge ɗankwalin da tsumma, tana maƙale murya tana cewa wai ba wanka sai gobe. Ta cusa shi cikin riga a kan ƙirjinta, ta lulluɓe shi da zane har ka. Wai kada a sa wa cibi toka ko man shanu. Sannan ta zo kan wanda ya fi ba su dariya, wato dakashi, nonon farko mai kauri da aka saba matsewa a zubar, wai shi za a fara ba jariri. Ta tofar da yawu ta ce, "Ƙazanta dai, ƙazanta!" Mata su yi ta dariya har da riƙe ciki, suna cewa, "Kai, Iya, Allah ya shirye ki, sake yi mana!" Ita kuwa ta sake. Kafin damina babu matar da ba ta haddace wasan ba, har na ƙauyukan gefe, domin abin dariya ya fi wa'azi saurin zama a ka.

Tsohuwar nan tana da 'yar auta da ke aure a wani ɗan ƙauye hayin rafi, tana ɗauke da cikin fari. An shirya kawo ta gida goyon ciki, uwar har ta tara itacen wankan jego, tana cewa a ranta wannan haihuwar dai ba mai ƙwace mata. Sai naƙuda ta zo kafin lokacinta, da rana tsaka, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya kawo, kowa yana gona. Yarinya ta durƙusa daga ita sai kakar mijinta da ba ta gani. Ta haifi ɗa ɗan mitsitsi, jikinsa sanyi ƙalau, kukan ma da ƙyar yake fita, ga itace ya jiƙe, babu halin hura wuta. Tsoro ya kama ta. Ba abin da ya faɗo mata a rai sai wasan uwarta da ɗankwali. Ta goge shi tsaf, ta manna shi a ƙirjinta fata da fata, ta lulluɓe su da zane, ta riƙa ɗiga masa dakashi a baki har ya kama nono. Da ruwa ya tsagaita wata maƙwabciya ta zo da sabuwar reza ta yanke cibiya. Kwana biyu yana manne da uwarsa kafin rafi ya janye a kai su asibiti, can aka ce musu, bayan ikon Allah, ɗumin ƙirjin nan da nonon farko su suka riƙe ransa.

Ranar suna tsohuwa ta haye rafi, ta karɓi jikanta tana hawayen murna. 'Yar autar kuwa, da zuciya ɗaya, ta ba taron mata labari tiryan-tiryan, ta ce ba don Inna ta riƙa kwaikwayon matar nan ba, da yau gaisuwar mutuwa ake yi. Da aka zo ware rabon ungozoma, nama da sabulu da ƙwaryar gero, mijin yarinyar ya ce wannan na bazawara ne, tunda aikinta ne ya yi rana ko da ƙafarta ba ta zo ba. Ya durƙusa ya roƙi surukarsa ta taimaka ta kai mata, tunda unguwarsu ɗaya. Wa zai ce wa suruki a'a a gaban jama'a? Haka ta ɗora ƙwarya a ka ta ratsa garin, kowace ƙofa ta gifta sai an leƙo an ce, "Iya, barka da arziki! Wannan kaya haka na wa?" Ita kuma dole ta buɗe baki ta faɗa. Daga ranar, har mutanen hayin rafi in naƙuda ta tashi sai su ce a je a kira musu matar nan da Iya ke kwaikwayo.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.