Salansar Auta

"Wa ya ce ka liƙe ta?" na daka wa Lawali mai walda tsawa a rumfarsa ta Gaya. Ƙarfen sirdi kawai na kawo gyara, ya haɗa da fasasshiyar salansa.

Moton, wato babur ɗin, na ƙanena Auta ne. Kogi ya ci shi shekarar da Nasara suka tafi, muka ɓoye wa Inna, da yake ba ta gani. Nakan bi ta ƙofarta a Tunuga bisa moton, ta ji ƙarar salansar, ta ɗauka shi ne, ta sa masa albarka.

Tunda ƙarar ta ɓace, na bar moton can, na je in faɗa mata gaskiya.

"Idrisa, ka ce wa Auta ya gyara abin nan," in ji ta. "Yau sau uku yana wucewa."

Kwana huɗu ke nan moton yana Gaya, wajen Lawali.