Harafi Ɗaya

Sau uku kashiyar banki tana duba katin shaidar Baba tana duba kwamfuta, sannan ta turo katin ta ƙarƙashin gilashi.

"Ku yi haƙuri, Baba. Kuɗin sun shigo, amma sunan bai yi daidai ba."

Auta ta leƙa. Yayanta da ke aiki a maƙwabciyar ƙasa, tafiyar awa uku a mota, shi ya turo kuɗin tiyatar da za a yi wa Inna. A can, inda ake sa "u" a nan, su "ou" suke rubutawa, kuma haka bankinsu ya kwafe sunan Baba daga takardun Yaya. Harafi ɗaya ya ƙaru, Baba ya zama wani mutum daban.

Likita kuwa ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: kada aikin ya wuce Alhamis. Ga shi yau Talata.

Ta kira Yaya. Ya ce can sun ce gyara ba nasu ba ne, su daidai suka rubuta. In kuma a mayar masa da kuɗin ne, sai bayan kwana ashirin da ɗaya. Duk abin da ya mallaka ke nan ya turo.

Abin da ya fi ƙona wa Auta rai shi ne Baba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana aikin gwamnati, wanda ko mai gyaran famfo bai tsira daga faɗansa ba, yau ya tsaya ƙiƙam, ko tari bai yi ba. Ita ta ja hannunsa zuwa ofishin manaja.

Manaja na ganin Baba ya miƙe tsaye, ya ba shi kujera, ya sa aka kawo ruwa. Auta ta ji sanyi a ranta. Ashe ruwan ne kawai rabonsu.

"Ƙanwata, ba ni ba ne," in ji manaja. "Yarjejeniya ce tsakanin ƙasashen biyu. Sashe na shida ya hana."

"Na bakwai," in ji Baba, yana kallon takalminsa.

Manaja ya jawo wani tsohon fayil. Ya ce lokacin da aka zauna, wakilan can sun roƙa a karɓi rubutun kowa, tunda mutanen ɗaya ne, gida ɗaya, kaka ɗaya. Shugaban wakilan nan ya buga tebur, ya ce ƙasarsa ba za ta koyi rubutu a wurin kowa ba. Har tafi aka yi masa a filin jirgi.

Nan Auta ta fashe.

"Tafi? Allah ya isa tsakanina da shi! Shi ba shi da uwa ne? Ba shi da mata? Allah ya nuna masa ranar da zai tsaya a layi kamar mu!"

"Ya isa, Auta," in ji Baba a hankali.

"Bai isa ba, Baba! Inna fa!"

Ta fizge fayil ɗin daga hannun manaja, tana buɗewa, don ta ga sunan mara imanin ta riƙe shi har ta mutu. A shafin ƙarshe ta tsaya. Ba ta ma buƙaci karanta sunan ba. Sa hannun nan mai doguwar jela ta san shi tun tana aji ɗaya, shi ne a ƙasan kowace takardar sakamakonta ta makaranta, a gurbin da uba ke sa hannu.