Hausar Zubair a Hanyar Yanbu

Tun daga bakin tekun Yanbu ruwa yake tsugawa. Sundus ce ke tuƙi, mahaifiyarta Hajo na gefe, suna komawa Madina bayan hutun kwana uku. Dab da wani ƙauye suka hangi mota ta kafe a laka, mai ita yana tsaye ya jiƙe sharkaf.

Zubair ne, wanda ya fasa auren Sundus bara don shi ɗan ƙasa ne, su kuwa 'yan iƙama, baƙi masu zama da takardar izini. Ranar da Hajo ta je ba shi baki da Hausa, da Larabci ya amsa mata a gaban danginsa, wai ba ya jin yaren, alhali shi ma asalinsa Bahaushe ne.

Sundus ta tsaya, ta ɗan sauke gilashi. Suka haɗa ido, ya sunkuyar da kai.

"Mama, ina wuni? Sundus, don Allah ku taimaka. Wallahi na yi nadama, kullum kina raina."

Hausa ce tsaf, ko gargada babu.

Hajo ta dafa hannun Sundus. "Yi haƙuri, 'yar nan."

Sundus ta dube shi, ta ce, "Ashe ruwan sama ne ke tsiro maka da Hausa? To tsaya ka sha sosai, ta yi saiwa."

Ta ɗage gilashin, ta ja mota.