Ɓauren Baba Ya Bar Baranda

Ranar da akwatin ya ɓace daga saman sif, ta san Baba yana ƙulla wani abu. Shekara arba'in akwatin nan yana nan Marseille, yana jiran ranar komawa gida Oran, can ƙetaren teku. Kowace Sallah sai Baba ya shafa shi ya ce, "Baɗi."

Bana bai ce ba. Waya yake yi ƙasa-ƙasa, tana shigowa ya kashe. Ɗan itacen ɓauren da ya kawo daga ƙauyensu ma ya bar baranda.

"Baba, tikitin jirgin ruwa ka yanka a ɓoye?"

"Ke 'yar Marseille, ina ruwanki da jirgi?"

Ran Juma'a ta bi sawunsa daga nesa. Bai nufi tashar jirgi ba. Bas ta sauke shi a maƙabarta, ɓangaren Musulmi. Ta tarar da shi durƙushe, yana ba ɓauren ruwa a gefen wani wurin kabari da ba a haƙa ba tukuna.

Bai ko ɗago ba. "Akwatin na kyautar. Maganar kai gawata gida ma na soke. Can duk wanda ya san ni ya riga ni, 'yata. Nan kuwa bas ɗaya ce daga gidanki."