Kwanso Mai Tabo

Murjanatu ta jera harsasan cikin akwati ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tabo ruwan hoda a gindin kwansonsa na tagulla. Ta goge yatsunta da tishu, ta cusa tishun a aljihu, ta rufe akwatin.

Kulob ɗin harbi ne na wani Balarabe, Abu Fahad, a bayan Jebel Ali ta Dubai, inda masu hali ke zuwa gwada saiti. Yana da lasisin sake ɗura kwansunan da aka harba, kuma wanda ke shugabantar wannan sashe Bakano ne, Oga Labaran. Shi ya ɗauke ta aiki bara, yana ta murnar ya samu 'yar gida. Ya koya mata injin ɗuri, yana kiranta ƙanwata. Ita kuwa ba ta taɓa roƙonsa komai ba, ko hutu, ko makullin ɗakin albarushi da ke rataye a ƙugunsa.

Da sunan mijinta ta nemi aikin, shi ya sa Labaran bai san ita ce yayar Salmanu ba.

Salmanu ne mai gwajin harsasai a kulob ɗin kafin zuwanta. Wata rana jarkar sinadarin wanke ƙasa ta tsiyaye a sito, ta jiƙa buhunan kwanso. Labaran ne ya ajiye jarkar a wurin. Maimakon ya faɗa, sai ya shanya kwansunan a rana, ya sa aka ɗura su. Sinadarin ya riga ya ci tagullar, ya bar mata tabo ruwan hoda, ta yi rauni. A hannun Salmanu kwanso ya tsage, wuta ta dawo masa a fuska.

Da Abu Fahad ya zaunar da su bincike, Labaran ya rantse cewa tabo launi ne kawai, ba ya cutar da kowa, Salmanu ne bai rufe bindigar da kyau ba. Aka soke bizarsa, aka sa shi a jirgi da bandeji a ido. Yanzu yana Fagge, a zaune a soro, 'yarsa ce ke ja masa gora zuwa masallaci.

Ran Juma'ar nan kulob ya cika, bikin rufe gasa ake yi, kuma al'ada ce shugaban sashen ɗuri ya buɗe fili da harbin farko. Murjanatu ta ratsa baƙi, ta ajiye akwatin a teburin da ke gaban Labaran da Abu Fahad, ta buɗe shi da kanta.

Murmushin Labaran ya ɗauke. Ya dubi tabon, ya dube ta.

"Ƙanwata, wannan daga ina?"

"Ragowar buhunan sito ne, Oga. Na ji an ce ka ce launi ne kawai."

Ta faɗa da Hausa, ta maimaita da Larabcinta na kasuwa yadda mai kulob zai ji. Abu Fahad ya leƙa akwatin, ya gyaɗa kai. Ya tuna maganar. "Yalla, Labaran, mutane na jira."

Labaran ya ɗauki harsashi guda, ya juya shi a tafin hannu. Gumi ya tsattsafo masa duk da sanyin na'ura. Ya ce kafaɗarsa na ciwo tun jiya. Ya ce bari ya ɗauko wani akwati a ciki. Murjanatu ta tsaya a hanyar ƙofa, hannuwanta a harɗe, tana kallon idanunsa biyu, lafiyayyu, masu ƙyalli. Ta daɗe tana son ta ga tsoro a cikinsu, ga shi ta gani, kuma bai ishe ta ba.

Abu Fahad ya yi dariya. "Khalas, ya isa, habibi, kawo. Ni zan buɗe."

Ya ɗauki bindigar da ke kan teburin, ya karɓi harsashin ya zura, ya rufe. Dattijo ne mai kirki, shi ya saya wa Murjanatu tikitin Umra da azumi. Ta ga ya ɗora bindigar a kafaɗa, ya manna kuncinsa a jikinta, idonsa na dama daidai inda na Salmanu yake a ranar. Ba ta motsa ba.

Yatsansa ya hau kunama.

"Arbab, maigida, kada ka harba!" Labaran ya daka tsalle ya danne bakin bindigar ƙasa. "Zai fashe! Wallahi irinsa ne ya makantar da Salmanu!"

Abu Fahad ya sauke bindigar a hankali, ya zare harsashin. Bai ɗaga murya ba. Ya sa masu gadi su riƙe Labaran, ya ce a kira 'yan sanda, a nemo masa lambar gidan su Salmanu.

"Ina da ita," in ji Murjanatu. "Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Labaran ya zube a kujera. Abu Fahad kuwa ya juyo gare ta, fuskarsa ta yi ja.

"Kin san abin da ke cikin wannan, kika tsaya kina kallo zan rasa idona?"

Ta zaro filaya daga aljihunta. Ta miƙa masa. Ya kama kan harsashin ya zare, ya kifa kwanson a tafinsa. Ko ƙwayar albarushi ba ta faɗo ba. Ya murza tabon da babban yatsa, sai ga sabuwar tagulla tana sheƙi, jan-bakin mata ya biyo yatsansa.