Tawadar Goshi

Likitan soja na juya baya, sai wani mai ɗaukar masu rauni ya tofa yawu a babban yatsa ya goge alamar da aka zana a goshin yayansa, wanda harsashi ya fasa wa cinya.

Kwana uku ke nan yana wannan aiki a fagen yaƙi na dajin Niyu Gini, kuma ya lura: duk sojan da Baturen likitan nan ya yi wa zanen tawada, ihunsa yankewa yake yi. Ba shakka waɗanda za a bari su mutu ake warewa.

"Kai fa ka cika zargi," in ji abokin aikinsa. "Ka ma iya karatu ne?"

"A ƙauyenmu aladen da za a yanka ake yi wa shaida. Ɗaga mu tafi."

Suka haura tudu cikin laka, yayan na nishi. A rumfar jinya wani likitan ya duba goshin, ya ga ba komai, ya zuƙo allura ya soka masa.

"Ka gani ko?" ƙanen ya raɗa wa abokinsa. "Da na bari, ko kallonsa ba za su yi ba."

Likitan ya tsallake sojan da ke gefe, mai alama, yana ta roƙo.

Ya ce masa, "Haƙuri, ɗan'uwa. An riga an yi maka allurar kashe zafi a gindin tudu, ga shaida a goshinka. In na ƙara maka, ba ka farkawa."

Ƙanen ya dubi yayansa, numfashi na ƙara nisa. Ya dubi yatsansa. Tawadar tana nan, shuɗiya.