Tasar da ke Cizo

Tasar tagulla ta sake cizon yatsan tsohon masaƙin Maska, ya yi tsalle.

"Wallahi da aljani a cikinta. Yau zan binne ta!"

Matarsa kuwa a wurin uwarta ta gaji tasar, sai ta ce: "Malam, dakata."

Ta ɗora tasar bisa busasshen buzu, ta sake goge ta da bargon gashin tumaki kamar yadda ta yi kafin ta cije shi. Ta sa muciya ta turo wata tasa irinta har bakunansu suka haɗu, sannan ta raba su. Ya taɓa ɗaya, ta taɓa ɗaya. Kowa ya ji ɗan mintsini, rabin na ɗazu.

"Cizon bai ɓace ba, raba shi tasoshin suka yi," in ji ta. "Ka taɓa jin aljanin da ya rabu biyu?"

Ya fashe da dariya. "To, zubo miya a ciki, tuwo na hucewa."